Na Ciki da Harawar Inna Hajo

Laraba, bayan la'asar

Yau na buɗe shago. Iya ce ta koro ni daga Yammedi, ta ce zaman da nake yi a ƙofar ɗakin Baba ina ƙura wa ƙasa ido ba shi zai tashe shi ba, in koma Karaye in kama sana'ata. Gidan gem ɗin nawa yana nan yadda na bar shi, ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin benci, gizo-gizo ya yi saƙa a bayan talabijin. Na tayar da janareto, samari suka fara shigowa ɗai-ɗai, kowa ya ce, "Zubairu, ya mai jiki?" in ce da sauƙi.

Ƙarya nake yi. Baba, Malam Shitu da ake jin muryarsa daga gona har masallaci, yau ko ruwa sai an ba shi da cokali. Ɓarin damansa ya saki, baki ba magana. Ido kawai ya rage, shi ma bango ɗaya yake kallo, inda ƙusar nan take.

Ba zan rubuta abin da ya faru a gonar gyaɗa ba. Ban gani ba, to me zan rubuta?

Addarsa tana ƙarƙashin bencin da nake zaune, na naɗe ta a buhu. Ban san abin da ya sa na ciro ta daga ƙusarta na taho da ita ba. Kai, na sani.

Alhamis, da hantsi

Ba kowa a shago, sai ni da ƙarar janareto. Na kunna gem ɗin faɗan nan da samari suka fi so. Ba wanda ya san sunansa na gaskiya, rubutun nasu ba mai iya karantawa, mu muka raɗa wa kowa suna a ciki. Jarumin shi ne Mai Farar Riga, wani siriri da ya ɗaure ƙugu da igiya, ba ya ihu in ya kai naushi. Duk dukan da aka yi masa, wani jan layi yana ƙaruwa a ƙasan jininsa. In layin ya cika ka danna maɓalli biyu tare, sai ya durƙusa ya dafe kai, hayaƙi ya fara fita ta kafaɗunsa, rigar ta rine ta koma baƙa, wani ya miƙe a madadinsa. Fuskar dai ita ce. Shi muke ce wa Na Ciki, kuma naushinsa ɗaya ne, an gama.

In ka ƙare gem ɗin da shi, ana nuna shi yana komawa ƙauyensu. Wata tsohuwa tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, tana ganinsa sai ta juya ta tura ƙofa. Samari tsallake wurin suke yi, wai ɓata lokaci. An ce in ka ƙare ba ka saki Na Ciki ko sau ɗaya ba, wani abu daban ake nunawa. Duk Karaye ba wanda ya taɓa gani.

Yau sau uku ina kallon tsohuwar tana tura ƙofar nan. A hankali take turawa, ba fushi.

Juma'a, bayan an sauko

Ilu ɗan baffana ya zo. Shi ba ya zama, a tsaye yake magana yana kaɗa makullin mashin.

"Zubairu, kai ɗa ne kuwa?"

Na ce ya rage murya, akwai mutane.

"Ai su nake so su ji. An kwantar da ubanka, wanda ya kwantar da shi yana can Falgore yana shan fura, kai kana nan kana danne-danne."

Na ce ba wanda ya gani da idonsa.

"Shanun wa aka samu a gonar? Wa ya gudu?"

Na ce, "Wa ya goyo shi har bakin titi kafin ya gudu?"

"Tsoro ne ya goyo shi," in ji Ilu. Ya ja tsaki ya fita.

Sulle. Ga shi nan na rubuta sunan, hannuna bai karye ba.

Lokacin da aka haife ni Iya ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe. Rugar su Inna Hajo a bayan gonarmu take a lokacin, kafin su koma wajen Falgore can ƙasar Rogo, ita kuma ba ta daɗe da haihuwar Sulle ba. Sai ta ɗora ni a ɓari ɗaya, shi a ɗaya. Malamai sun ce ɗan'uwana ne kamar ciki ɗaya, ƙannensa mata ma babu aure tsakaninmu. Har yau ba ta kirana sai da Kaɗona, wato Bahaushena. Shi kuwa Sulle kullum zancensa ni na shanye masa rabo, shi ya sa ya tsaya kamar kara.

Wasu sun ce sanda ce. Wasu sun ce bijimi ne ya ture Baba ya faɗa kan dutse. Wanda zai raba gardamar ba ya magana. Na ce ba zan rubuta ba, ga shi ina rubutawa.

Asabar, azahar ta gota

Barci ya ɗauke ni a kan benci, zafi, janareto yana ta gurnani. Sai ga ni a zangon ƙarshe na gem, inda ciyawa take kai wa ƙirji. Amma ruwan da ke bayan ciyawar na dam ɗinmu ne, na gane shi, ga fararen shanu tsaye a ciki har gwiwa, ba mai motsi, ba mai kuka. Mai Farar Riga yana zaune a kan turmin Iya. Kafaɗunsa suna hayaƙi a hankali, irin na ɗanyen ice.

Na yi masa sallama, ya amsa da Hausa tsaf. Na ce, "Don Allah me ya sa kake bari ya fito?"

Ya ce, "Ni ban taɓa kiransa ba. Wani ne a waje yake dannawa."

Ya dube ni ya ce, "Kai naka wa ke riƙe da shi?"

Na farka wuyana ya ƙage, wani yana ƙwanƙwasa benci wai zai buga ƙwallo.

Lahadi, da safe

Na je na ga Baba. Na gaishe shi, ya kalle ni, ya kalli ƙusa, ya sake kallona. Na ce Iya ta ƙara masa filo, na fito.

Litinin, bayan la'asar

Abin kunya. Wani saurayi ya saki Na Ciki a kan abokinsa, ya miƙe yana ihu yana cewa haka maza suke yi, ba a barin ta kwana. Ba da ni yake ba, wallahi na san ba da ni yake ba. Ban san lokacin da na fizge hannun gem ɗin na maka shi da bango ba. Samari suka zame ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya bar takalminsa bai dawo ɗauka ba.

Ni da ake tsokana wai ko ƙuda ya sauka a hancina sai na ba shi haƙuri. Ni ne yau.

Na tsince hannun gem ɗin. Maɓallan naushi da shuri duk sun mutu. Na karewa yana yi. Biyun nan na sama, na sakin Na Ciki, su ma lafiyarsu lau, don wulaƙanci.

Talata, da yamma

Jan layin ya kusa cika.

Alhamis, bayan azahar, a gida

An gama cire gyaɗa, 'yan'uwa ne suka taru suka yi mana. Harawa tana shanye a kan rumfa, ƙamshinta ya cika gidan. Ina wanke hannu Iya ta tsaya a kaina. Ba ta faɗin sunana, ɗan fari ne ni.

"Kai. Harawar Hajo ta bushe."

Na ɗaga kai na dube ta. "Iya, har bana?"

"Nonon da ka sha, bana ya koma ruwa ne?"

Tun shekarar da aka yaye ni Baba ya ɗaukar wa kansa cewa muddin yana noma gyaɗa, damin farko na harawa na maruƙan Inna Hajo ne. Tun da ƙafata ta kai feda ni nake kaiwa, da a keke, yanzu a mashin. Yadda ake yi bai taɓa canzawa ba. Ni baƙo ne, ba na taɓa igiya. Sulle ne zai fito ya kwance da hannunsa, Inna Hajo ta kawo madara a ƙwarya ɗaya mu sha tare, tana tsaye tana mana faɗa wai har yanzu ni na fi zari.

Na ce bari in tambayi Baba. Iya ta ce, "Tambaye shi mana, ga shi nan." Ta shige madafi. Ina jin tana jan hanci, ta ce hayaƙi ne.

Juma'a, da la'asar

Ilu ya ji maganar harawa. Na zaci zai yi tsalle ya dire, sai na ga yana murmushi. Ya jawo ni bayan shago.

"Allah ne ya kawo. Ba mai tare mashin ɗin harawa. Shi kuma ko a rami yake, dole ya fito ya kwance, kunya ba za ta bar shi ya ɓuya uwarsa tana kallo ba. In ya sunkuya kan igiyar nan..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ce ya ƙarasa ba. Ban kuma ce masa ya yi shiru ba, wannan shi ne abin da yake ta cina.

Ina jin haushin Sulle, haushin da ban taɓa jin irinsa ba. Ko ba sanda ba ce, ai shanunsa ne. Ko ba shi ba ne, ai sai ya tsaya. Ya ajiye tsoho a bakin titi kamar buhu ya shiga daji, ko waya bai yi mini ba. Kuma ina kewarsa. Duka biyun a ciki ɗaya, kamar an zuba gishiri a koko.

Asabar, da hantsi

Samari sun fara dawowa, suna yi mini magana a hankali kamar mai jinya. Jiya wani ya kai zangon ƙarshe ya tsayar da gem ɗin, bai dawo ba. A nan ne Mai Farar Riga yake haɗuwa da Na Ciki ido da ido, cikin dogayen ciyayin nan. Na ɗauki fasasshen hannun nan na ci gaba masa.

Ba naushi, ba shuri, sai karewa. Na Ciki yana ta zuba duka, nawa ya dunƙule ya rufe fuska yana ja da baya. Jan layi ya cika har yana walƙiya. Yatsuna biyu suna kan maɓallan, ina jin santsinsu. Iska tana kaɗa ciyawa, sai na ga kamar ta fito daga talabijin ta cika shagon, har tana taɓa mini gwiwa.

Sai mai ya ƙare a janareto. Ɗif.

Na daɗe zaune ina kallon fuskata a baƙin gilashi. Ban san ko da zan danna ba.

Lahadi

Ban je gida ba. Ba na son idon nan.

Litinin, azahar

Na sake yin barcin rana. Wannan karon ni ne a kan hanyar ƙauyen gem, ina tafe ba na jin ƙafata. Tsohuwar tana bakin ƙofa. Na matsa don in ga abin da ke cikin kwanon, tunda kullum ba a nunawa. Na duba rigata don in san wanne ne ni a cikin biyun, sai na ga ba ta da launi, kamar ruwa. Na farka ban kai ƙofar ba.

Gobe zan kai harawa.

Talata, da sassafe

Ilu ya ɗaure kayan da kansa, ya ja igiya har tana ƙara. Ya cusa addar da na taho da ita daga shago ta gefen dama, ƙotar tana daidai inda hannuna zai sauka. Iya ta leƙo ta ce in gaida Hajo, in ce mata mai jiki yana nan yadda yake. Ban shiga wajen Baba ba.

Laraba, da hantsi

Jiya da na dawo ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin a raina ba.

Hanyar Rogo kamar a mafarki na bi ta. Dawa ta sunkuyar da kai dama da hagu, rana ba ta yi zafi ba, harawar tana shafar bayana. Tun daga fitata Karaye nake jin kamar na goyo mutum. Yana da ɗumi, yana da nauyi, in na shiga kwana shi ma ya kwanta tare da ni. Har ƙaurin hayaƙi nake ji. Na wuce Rogo ban tsaya gaisawa da kowa ba, na kama hanyar Falgore.

Rugar ta yi shiru. An kora manyan shanu wani wuri, sai maruƙa a turke. Inna Hajo tana tsugune tana wanke ƙore. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan, wallahi ta tsufa. Ta miƙe tana kallon harawar, ba ta kalli fuskata ba.

"Kaɗona. Ka zo."

"Na zo, Inna. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Yana nan yadda yake."

"Allah ya tashi kafaɗunsa." Ta shiga bukka ɗauko madara.

Ilu bai yi ƙarya ba. Sai ga Sulle ya fito daga bayan garke, ba malafa, ba sanda. Ban taɓa ganinsa ba sanda ba, sai ya zama kamar wanda aka cire wa hannu ɗaya. Muka gaisa, ya gida, ya gajiya, ya hanya, kowa yana kallon tayar mashin. Sannan ya sunkuya kan igiya kamar kowace shekara.

Ƙullin Ilu ya ƙi. Ya gwada da farce, ya gwada da tsinke, ya kai haƙori. Ƙeyarsa tana gabana, ga tabon nan na ranar da jakin Baba ya kayar da mu tare. Ban aiki hannuna ba, shi ya tafi da kansa. Na ji ƙotar a tafina, na ji ƙarfen ya zaro daga cikin harawa yana wata 'yar ƙara. Wanda na goyo ya sauko ya tsaya a cikin rigata.

Sulle ya ji ƙarar. Ya saki igiyar daga bakinsa, amma bai ɗago ba. A sunkuye ya yi magana, a hankali.

"Zubairu, in za ka yi, mu zaga bayan garke. Kada a gaban Inna."

Na ɗaga ido. Tana bakin bukka da ƙwarya a hannu biyu. Ta ga addar, ta ga ƙeyar ɗanta, ta gan ni. Na jira ta juya ta shige. Na san wurin nan, na kalle shi ba adadi, yanzu za ta juya.

Ba ta juya ba. Ta tako har inda muke, ta tsaya.

"Ku yi ku gama da igiyar nan," ta ce. "Ƙuda za su faɗa."

Na ɗaga addar na sauke. Igiyar Ilu ta tsinke, harawa ta zube ta rufe mana ƙafafu, maruƙa suka hau jan turke suna kuka. Na zauna a ƙasa daɓas. Sulle ma ya zauna. Kuka yake yi ba sauti, irin nasu.

Na ce, "Me ya faru a gonar?"

Ya gaya mini, tun daga farko har inda ya ajiye Baba. Ba zan rubuta ba. Ban ce masa na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Inna Hajo ta miƙo ƙwarya. Na sha, na miƙa masa, ya juya ta ya sa baki a inda na sa nawa. Yau ba ta ce na fi zari ba.

Da zan taho ta cika mini gora da madara ta ce na Malam ne. Sulle ya ɗauko addar daga ƙasa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙo mini ta ƙota.

Kada in yi wa kaina ƙarya, Na Ciki bai tafi ko'ina ba. Tare muka dawo, ina jin ɗuminsa har Karaye. Sai dai ya yi shiru.

Laraba, bayan la'asar

Ilu ya gan ni a ƙofar gida, ya kalli addar, ya tofar da yawu ya wuce. Oho dai.

Na shiga ɗakin Baba da sallama. Idonsa yana inda yake kullum. Na tsallaka na mayar da addar kan ƙusarta. Ya daɗe yana kallon bakinta, babu komai a jiki sai zaren igiya guda da ya maƙale. Sannan ya motsa hannunsa mai lafiya, na gane ni yake kira.

Na durƙusa. Ya kama hannuna na dama ya juya tafin, ya juya bayan, ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake mini ina yaro in na ce na wanke. Ya jawo shi har hancinsa. Ashe tun ranar da ƙusar nan ta zama fanko ya san inda addarsa za ta, yana kwance ba bakin da zai kira ni.

Na ce, "Baba, na kai harawar. Sulle ne ya karɓa. Inna Hajo tana gaishe ka."

Hawaye ya gangaro ta idon da yake motsi. Iya ta kawo cokali, ya sha madarar har cokali ya fara kankarar ƙasan kofi. Wani ganyen harawa ya maƙale a hannun rigata, ya tsince shi ya damƙe.

Yanzu barci yake yi, fuskarsa ta juyo wajen ƙofa. Iya ta ce in rage ƙarar biron nan, tun da abin ya faru bai yi barci irin wannan ba.